Daga Fagen Gayya Zuwa Fagen Wasa: Sharhi Kan Horon Jiki da na Ƙungiya a Wasan Kwaikwayon Hausa

Duk ɗalibin da ya karanci adabin Hausa ya san hanyar da ake bi wajen nazarin wasan kwaikwayo. Akan ɗauko Wasan Marafa na Abubakar Tunau, ko Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, ko Uwar Gulma na Mohammed Sada, a feɗe jigo, a duba zubi da tsari, a zaƙulo salon sarrafa harshe, sannan a jera taurari manya da ƙanana. Wannan aiki ne mai amfani, amma a kan takarda yake farawa, a kanta kuma yake ƙarewa. Saurayin da zai miƙe a gaban jama'a ya zama Hayatu, da budurwar da za ta zama Halima, ba a faye tambayar inda suka koyi tsayuwa da zama da juyawa ba, balle a tambayi yadda mutum goma za su shiga fage ɗaya su motsa kamar masu numfashi da huhu ɗaya.

Ɗan wasa da jikinsa yake aiki, kamar yadda maƙeri yake aiki da masaba, jiki kuwa a cikin jama'a yake horuwa. Abin da wannan sharhi yake son nunawa shi ne, ƙasar Hausa ta daɗe da makarantar irin wannan horo, an taɓa ƙoƙarin buɗe mata ƙofa zuwa wasan zamani a Zariya, amma ƙoƙarin bai zama horo mai ɗorewa ba. Garuruwan gabashin Sakkwato, wato Wurno da Raba da Goronyo, sun isa misali na abin da ke hannunmu da kuma abin da ke shirin suɓuce mana.

Ma'anar horon jiki da na ƙungiya

Kafin a yi nisa, ya kamata a fayyace abin da ake nufi. A farkon ƙarni na 20 hanyar da ta fi tasiri a Turai ita ce ta Konstantin Stanislavski na Mosko, wanda a koyarwarsa ta farko ya ƙarfafa cewa ɗan wasa ya nemo yanayin tauraro a cikin zuciyarsa, jiki zai biyo baya. Almajirinsa Vsevolod Meyerhold ya juya lissafin. A shekarun 1920 ya tsara wa 'yan wasansa atisaye na tsalle da ɗauka da jifa da faɗuwa, ya kuma karkasa kowane motsi gida uku: ja da baya na shiri, kai motsin inda aka nufa, da tsayawa cak. A ganinsa, idan jiki ya yi motsin da ya dace, zuciya za ta iso.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu mutum biyu suka faɗaɗa wannan tafarki. Jacques Lecoq, wanda asalinsa malamin motsa jiki ne, ya buɗe makarantarsa a birnin Faris a 1956, inda ɗalibi kan sa abin rufe fuska marar alamar fara'a ko fushi, domin ya tilasta wa kafaɗa da baya da ƙafa su faɗi abin da fuska ta saba faɗi. Shi kuwa Jerzy Grotowski na ƙasar Polan, wanda ya fara aikinsa da ƙaramar ƙungiya a garin Opole a 1959, ya tambayi kansa abin da wasa ba zai yiwu ba sai da shi. Ya cire ado, ya cire fitilu masu launi, ya cire kayan ƙawata dandamali, ya tarar abu biyu suka rage: ɗan wasa da ɗan kallo. Wannan ne ya kira wasan talaka a littafinsa na 1968.

Hanyoyin nan sun bambanta, amma sun haɗu a kan abu uku. Na farko, jiki ake fara horarwa kafin baki. Na biyu, ƙungiya ce ke wasa, tauraro reshe ne a jikinta. Na uku, horo aikin kullum ne na shekaru, da mutanen da suka san juna. Abin lura shi ne, masu wannan ra'ayi sun riƙa leƙo ƙasashen Asiya da Afirka don neman abin da suke ganin Turai ta yar. A ƙarshen 1972 Peter Brook ya ratso Sahara da ayarin 'yan wasansa daga Aljeriya, ya bi ta Agadas da Damagaram da Kano, suna shimfiɗa darduma a kasuwa ko a dandali su yi wasa da mutanen da ba su jin harshensu. Tafiyar ta amfani ayarinsa ƙwarai. Garuruwan da ya ratsa kuwa kallo suka yi, baƙi suka naɗe dardumarsu suka wuce.

Gwajin Zariya

Ƙoƙari mafi girma na kafa irin wannan aiki a ƙasar Hausa shi ne wanda aka fara a Jami'ar Ahmadu Bello a 1975, lokacin da Michael Etherton, wanda ya taho da gogewar wasan ƙauye daga Zambiya, ya jagoranci buɗe darasin wasan kwaikwayo. Tare da shi da bayansa an sami malamai irin su Brian Crow da Salihu Bappa da Oga Steve Abah. Hatta gidan wasan da aka gina musu a Samaru, wanda mai zanen gine-gine Steven Ehrlich ya tsara, ya nuna alƙiblarsu: ginin ƙasa ne irin na gidan Bahaushe, ɗakuna sun kewaye fili, ɗan wasa yana tsakiya, idanu suna kansa ta kowace fuska. Wanda ya tsaya a irin wannan fili ba shi da bangon da zai jingina. Bayansa ma dole ya yi magana.

Daga wannan gida ne ɗalibai suka fita zuwa ƙasar Soba a 1977 da shirin da aka kira Wasan Manoma, daga baya suka je Maska da Bomo, suka kuma riƙa yin wasa a titunan Samaru. Tsarin aikin a bayyane yake. A shiga gari a saurari koken mutane, a koma a tattauna, a gina wasa da ka ba tare da rubutu ba, kowa ya kawo nasa, a gwada, a rushe, a sake ginawa, sannan a kai wa masu koken su gani. Alherin wannan hanya ba ya ɓuya. Ta raba wasa da mulkin takarda, ta koya wa ɗalibi cewa abokin wasansa shi ne littafinsa na farko, ta kuma mayar da kiɗa da rawa da waƙa cikin ƙashin bayan wasa maimakon su zama ado na buɗewa da rufewa.

Sai dai akwai giɓi guda biyu. Na farko su kansu masu shirin sun gane shi tun da wuri, suka yi ta ƙoƙarin toshe shi: baƙi ne ke zuwa su yi wa manomi wasa a kan rayuwarsa, shi yana zaune. Shi ya sa a shirye-shiryen baya aka riƙa jawo mutanen gari cikin fage. Giɓi na biyu, wanda bai sami kulawa kamar na farko ba, shi ne na horo. Hankalin shirin ya fi karkata ga saƙo, wato taki da bashi da ƙwacen gona da tsabta. Da wannan hanya ta yaɗu ta faɗa hannun masu ayyukan raya karkara, sai wasa ya zama abin hawa, ɗan wasa ya zama mai dakon saƙo. Akan tara matasa na kwana biyar ko mako biyu, a shirya wasa kan rigakafi ko zaɓe, a nuna, a watse. Ƙungiyar da ta haɗu don aiki ɗaya ta rabu bayansa taro ce kawai. Daga cikin sharuɗɗa ukun nan da aka ambata, gwajin Zariya ya riƙe na biyu da kyau, ya taɓa na farko, amma na uku, wato ɗorewa, bai bi shi zuwa ƙauye ba.

Hujjar cewa ɗorewa ce sirrin tana maƙwabta. A Damagaram, ƙungiyar su Yazi Dogo ta shafe shekaru tana shirya wasanni ba tare da cikakken rubutu ba, kamar yadda Janet Beik ta bayyana a nazarinta na 1987 kan wasan Hausa a Nijar. Akan amince da ƙashin labari, sauran kuwa a fage ake haifar shi. Haka ba ta yiwuwa sai ga mutanen da suka daɗe tare har kowa ya san inda ɗan'uwansa zai ja numfashi.

Makarantar da ke bakin gulbin Rima

Yanzu a bar harabar jami'a a gangara kwarin Rima. Wurno, ribaɗin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa kuma aka binne shi a can a 1837, da Raba, mahaifar Sardauna Ahmadu Bello, da Goronyo mai madatsar ruwan da aka kammala a 1984, duk ƙasar noma ce ta damina da rani, ta gero da shinkafa da albasa da tafarnuwa. Ba a san su da gidan wasan kwaikwayo ba. Amma wanda ya dubi ayyukan da Bahaushen karkara ya gada da idon mai horar da 'yan wasa zai ga darussan nan uku a shimfiɗe.

A ɗauki gayya. Samari sun jeru kowa da kuyyarsa, makaɗi yana biye da gangar noma. Galma tana tashi tare, tana sauka tare. Wanda ya riga 'yan'uwansa ya ɓata sahu, wanda ya makara ya sha kunya. Kowane sara yana da ɗagawa da kaiwa da tsayawa, daidai da rabon nan uku da Meyerhold ya sha wahalar koya wa 'yan wasan Mosko. A ɗauki lugude, inda mata biyu ko uku suke daka a turmi ɗaya, wata ta jefa taɓarya sama ta tafa ta cafke ba tare da ta karya karin 'yan'uwanta ba. Wannan sauraro ne da ake yi da jiki duka, kuskuren ƙiftawar ido kuwa yana iya fasa wa wata hannu.

A ɗauki gaɗa. 'Yan mata sun yi rabin da'ira, ɗaya ta fito ta juya musu baya, ta saki jikinta ta faɗa, su tare ta su cilla. A makarantun wasa na duniya akwai atisaye mai kama da wannan, wanda ake yi don koya wa ɗalibi yarda da abokan aikinsa, kuma manya kan ɗauki lokaci kafin su iya sakin jiki. 'Yar ƙauye ta ƙware a kansa tun ba ta kai munzalin aure ba. A langa kuwa, yaro yana riƙe da ƙafa ɗaya yana tsalle da ɗaya, yana kare ruwan ƙungiyarsa, yana lura da abokan gaba, yana auna fili, duk a lokaci guda.

Dambe ya ɗara su kusanci da wasa. Ɗan dambe ba ya shiga fage kai tsaye. Sai kalangu ya kira shi da takensa, ya tsuma, ya fito yana taku, ya yi kirari, ya kewaya fili yana nuna hannun da ya naɗe. Kafin a kai naushi ko ɗaya an riga an gina tauraro, an ja layin rikici, an raba zukatan 'yan kallo gida biyu. Muhammadu Bawa Ɗan Anace, wanda asalinsa ƙasar Gandi ce a ƙaramar hukumar Raba, ya nuna a waƙoƙinsa na Shago yadda makaɗi da ɗan wasa da jama'a suke zama abu ɗaya a fage. Kuma ɗan dambe ba ya tashi shi kaɗai. Ayari yake bi, ya yi wa manya hidima, ya kalli turmi ɗari kafin a ba shi nasa.

Inda tsani ya karye

Mai karatu zai iya cewa manomi a gayya ba ya kwaikwayon kowa, noma yake yi, ɗan dambe kuma da gaske yake duka. Wannan magana gaskiya ce, kuma ita ce iyakar masu ɗokin cewa al'ada ta wadatar. Ƙwarewar jiki daban, wasan kwaikwayo daban. Ɗan wasa yana bukatar ya san abin da jikinsa yake yi, ya iya maimaita shi gobe kamar yau, ya iya rage shi ko ƙara shi, ya kuma ɗora masa ma'anar da ba tasa ba. Saran galma a hannunsa dole ya iya zama fushi, ko gajiyar tsufa, ko alfaharin sarkin noma.

Gadar da ke tsakanin biyun ita ce tashe. Daga goma ga watan azumi yara kan fita rukuni-rukuni. A wasan Tsoho da Gemu yaro ɗan shekara goma yakan manna auduga a haɓa, ya ranƙwafa, ya dogara sanda, ƙafafunsa na rawa, har tsofaffin gida su yi dariyar kansu. A Jatau Mai Magani da Macukule ma haka abin yake: mai ja da masu amshi, kayan wasa na tsumma da kwali, ma'ana kuwa a gaɓoɓi. Wannan shi ne wasan talakan da Grotowski ya nema, ba ragi. Irinsa ne kalankuwa, inda samari kan zama gwamna da alƙali da ɗan sanda bayan kaka, da wasan gauta, inda matan fada kan kwaikwayi sarki da fadawansa har mai abu ya gane kansa.

Matsalar ita ce, tashe na kwanaki ne a shekara, kuma ana ɗaukarsa aikin yarinta. Da yaro ya fara zama saurayi sai ya bar shi, da yarinya ta yi aure sai ta bar gaɗa. Wato a daidai shekarun da ɗalibin Lecoq yake shiga makaranta, a nan ɗan Wurno yake fita daga tasa. An tanƙwara icce tun yana ɗanye, sannan aka yar da shi ba a sassaƙa kome da shi ba.

Wanda ya ƙi barin sha'awar kuwa, hanya ɗaya yake hange: Kano. Abin mamaki, masana'antar finafinan Hausa ita kanta daga ƙungiyoyi ta tsiro. Turmin Danya na 1990 aikin ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ne. Amma kasuwa ta mayar da ita ta taurari, kyamara kuma fuska take so. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, sai fim ya riƙe wannan karin magana ya manta da cewa jiki magayi. Sakamakon shi ne fitowa bayan fitowa ta mutum biyu zaune a kujerar falo suna musayar zance, hannuwa a cinya, sauran 'yan wasa kuma sun zama kayan ɗaki. Akwai gwanaye a masana'antar, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka fi iya motsi tsofaffin 'yan dandamali ne ko 'yan barkwanci. Gajerun hotunan waya na TikTok sun ƙara tsuke fagen, ya koma mutum ɗaya da fuskarsa.

Batun kunya

Akwai wani ƙalubale da ba ya kauduwa da kawar da kai. Yawancin atisayen da ake koyarwa a Turai sun ƙunshi cuɗanyar maza da mata, da birgima a ƙasa, da ihu. Wanda ya kwaso su yadda suke ya kai Goronyo zai koma da kayansa, kuma ba a zalunce shi ba. Amma wasannin da aka lissafa a sama sun riga sun warware wannan, domin na maza daban ne, na mata daban, kowanne da fagensa da lokacinsa.

Bayan haka, kunya ita kanta harshe ce ta jiki, mai ƙa'idoji kamar nahawu. Yadda suruki yake tuɓe takalmi daga nesa ya durƙusa, yadda bafade yake zubewa ya yi jinjina, yadda uwa take kau da kai idan an ambaci ɗan farinta, yadda almajiri yake zama a gaban malaminsa, duk jimloli ne cikakku. Ɗan wasan da ya nazarci waɗannan da gangan zai iya shigowa fage bai ce uffan ba, 'yan kallo su san shekarunsa da matsayinsa da abin da yake ɓoyewa. A nan ne horon jiki na Bahaushe zai bambanta da na kowa. Gwanintarsa ba za ta tsaya ga tsalle da juyi ba, za ta kai ga iya riƙe motsi, da nuna abin da aka danne.

Kammalawa

Wannan magana tana da gaggawa saboda makarantar da ake zance a kanta dandali ne ajinta, dandali kuwa sai da kwanciyar hankali. Tun harin da aka kai ƙauyen Tabanni na ƙasar Gandi a watan Yulin 2018, wanda ya kora jama'a zuwa garin Gandi, da wanda aka kai kasuwar Goronyo a watan Oktoban 2021, an san halin da gabashin Sakkwato yake ciki. Inda ake rufe ƙofa da magariba ba a gaɗa a farin wata. Inda manomi yake noma yana waiwaye ba a kiran gayya da ganga. Rubutaccen wasa yana iya kwana shekara hamsin a kan kanta a karkaɗe shi a karanta. Ilmin da ke cikin gaɓoɓi kuwa, idan tsara ɗaya ta tashi ba ta karɓe shi ba, ya tafi.

Abin da ake bukata ba ya cin kuɗi mai yawa. Matasa goma ko goma sha biyu da za su riƙa haɗuwa a kai a kai, shekara da shekaru, a farfajiyar makaranta ko a cikin gida. Makaɗi a tsakiyarsu, domin ganga ita ce ta fara koya wa Bahaushe motsi tare. Tsohon ɗan dambe ko dattijuwar da ta yi zamanin gaɗa a matsayin malami, a ba shi girman da ake ba mai digiri. Sai kuma wanda ya karanci wasan zamani, ya kawo abin da al'ada ba ta tanada ba, wato maimaitawa da tsari da tambayar ma'ana. Daga Zariya a ɗauki ginin wasa tare da sauraron jama'a, daga Damagaram a ɗauki daɗewa tare, daga kwarin Rima a ɗauki jikin da ya riga ya san kari.

Mu masu nazari ma akwai namu. Muddin sharhinmu ya tsaya ga jigo da salo, muna koya wa na baya cewa wasan kwaikwayo wani nau'in ƙagaggen labari ne da aka rubuta da sunaye a gefe. Ya kamata mu koyi bayyana taku da tsayuwa da shiru da tazarar da ke tsakanin mutum biyu a fage, kamar yadda muka iya bayyana kari da amsa-amo a waƙa. Jinka ba ta hawa ɗaki sai hannuwa da yawa sun ɗaga ta lokaci guda, kuma masu ɗagawar sun san cewa kafin a ce a ɗaga, kowa ya riga ya ji nauyin a kafaɗar na kusa da shi. Wannan jin shi ne abin da ake horar da ɗan wasa ya samu, kuma har yanzu akwai masu shi a Wurno da Raba da Goronyo da za a iya koya daga gare su.